Fatar Kotson Zayyanu

"Ka kashe ni, Zayyanu. Ka kashe ni ka bar ni tsaye."

Zinariya ta dire tulunta a bakin gulbin Rima har ruwa ya fantsamo mata a zani. Zayyanu, wanda ya yi sammako daga Rabah don kawai ya ga fuskarta, ya tsaya baki buɗe.

"Zinariyata... mi niy yi?"

"Kak ka ƙara ce min taka. Wane kiɗi kab buga shekaranjiya kasuwar Rabah?"

Sai ga bawan Allah yana murmushi, wai shi a dole ya yi abin yabo.

"Waƙarki mana, wadda kike rerawa in kin zo ɗibar ruwa. Na ɗora ta bisa kotso don duniya ta san ina sonki. Da kin ga yadda mutane sunka..."

"Ba waƙata ta ba! Kiɗin Baba na."

Murmushin ya gudu.

Mahaifinta Maccido shi ne shugaban makaɗan Wurno. Damina guda ya kwashe a zaure da masu kotso da masu algaita da 'yan amshi, suna gyaran sabon kiɗan da zai buɗe wasannin kaka da shi. A Goronyo ake yin wasannin, cikin babbar rumfar da ake kafawa bayan girbi, domin malaman Wurno ba sa son jin ganga a cikin birni.

Zinariya ta yi ta jin kiɗan ta bayan danga har ya kama bakinta, ba ta ma san tana rera shi ba. A wurin makaɗa kuwa, wanda ya fara buga kiɗa gaban jama'a shi ke da shi. Yanzu ya zama na gidan Isa, uban Zayyanu, shugaban makaɗan Rabah, mutumin da ko gaisawa ba sa yi da Maccido.

"Baba ya ce in ya buga shi Goronyo ɓarawo za a kira shi, da hurhuratai. Tun da labari yaz zo bai taɓa tuwon da nit tuƙa ba."

"Wallahi ban sani ba, masoyiya..."

"Je ka kai ma Baba rashin saninka. Ni ba shi yi min komi."

Ya kuwa je. Maccido bai miƙa masa tabarma ba, sallamar ma da ƙyar ya amsa.

"Ɗan Isa, mi kaz zo ɗauka kuma? Akwai saura?"

"Gahwara niz zo nema, Baba. Da kuma... zancen Zinariya."

"Ni ba babanka na ba. Kuma gahwara ba ta maido kiɗi. Ka san abin da za shi maido shi."

Ya sani sarai. Sai wanda ya buga ya tsaya gaban jama'a, ya yanka fatar gangarsa, ya faɗa da bakinsa sata ya yi. Wanda ya yi haka kuma ya gama kiɗa ke nan, babu mai sake ɗaukarsa.

"In na yi, za ka ba ni ita?"

Maccido ya tofar da yawu gefe. "Yi tukuna."

A ƙofar gida Zayyanu ya tarar da Zinariya, idanunta jajir. Fushin ya sauka, tsoro ya maye gurbinsa.

"Na ji komi," ta ce.

"Ke za ki yanke. Ki ce in yi, ko in bari."

"Kotson ga shi na abincinka, Zayyanu..."

"Ke kuma rayuwata ta. Hwaɗi."

Tana sonsa har cikin ɓargo. Amma ta tuna tsohon da ke zaune a zaure ya rame, ya ƙi kallonta. Ta sunkuyar da kai.

"Yi."

Ranar buɗe wasa Goronyo ta cika maƙil, jakuna har bakin fadama. Zinariya na cikin mata kusa da gwaggonta Sabuwa, wadda ta zo daga Lahodu. Makaɗan Rabah aka ba farawa. Isa ya ɗaga hannu ke nan, sai ɗansa ya fito tsakiyar fili ya zaro wuƙa. Fatar kotsonsa ta yage, rumfa ta yi tsit.

"Kiɗin da nib buga Rabah na Maccido na. Sata niy yi."

Isa ya dube shi sama da ƙasa. "Daga yau ba ni da ɗa mai sunanka. Hita min da gani."

Maccido ya miƙe da mutanensa suka buga. Gaskiya dai kiɗa ya yi kiɗa, har tsofaffi na share ƙwalla. Da aka lafa, Zayyanu ya durƙusa gabansa.

"Na cika, Baba."

"Ka cika," in ji Maccido, yana goge gumi. "Amma gaban duniya kac ce kai ɓarawo na. Ni in ba ɓarawo ɗiyata?"

Zinariya ta keta mata ta fito.

"Baba, ni nic ce mai shi yi. Don kai..."

"Koma cikin mata."

Ta waiwaya. Zayyanu ya riga ya bi hanya, yagaggen kotsonsa rataye a kafaɗa, bai nufi Rabah ba, bai nufi Wurno ba. Ta kira sunansa, algaita ta sake tashi ta danne muryarta.

Ta durƙusa gaban ubanta yadda aka koya mata, hawaye na zuba, ta yi magana a hankali.

"Allah shi bar maka kiɗinka, Baba. Kiɗin shi riƙa kawo maka ruwan alwala."

Ta tashi ta bi Sabuwa zuwa Lahodu. Maccido ya buga kiɗansa har ƙarshen kaka, ko'ina ana yaba shi, amma bai ƙara jin muryar ɗiyarsa a tsakar gidansa ba.