Kukan Babur a Gidan Dallatu

Rana ta yi ja, ta jingina da duwatsun da ke yamma da ƙauyen Dutse, kaji sun fara neman akurki. Lantana na zaune bisa tabarma a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da laluben yatsu, don shekara uku ke nan da ciwon idon nan mai kama mutanen bakin rafi ya rufe mata gani. 'Yarta Zulai, budurwa mai shekara goma sha biyar, tana madafa tana tuƙa tuwon dawa.

Sai Lantana ta ɗaga kai. Daga nesa ta jiyo kukan babur, mai kauri, mai tsaga iska, wanda duk yankin babu mai irinsa sai mijinta.

"Zulai, ga Babanki nan. Zuba masa ruwan alwala."

Kukan ya yi ta matsowa, amma ba ta hanyar da ya saba biyowa ba. Ya matso, ya matso, har ya zamo cikin gidan yake, ta wajen madafa. Lantana ta ajiye kwanon gyaɗar, ta miƙe tana bin bango. Hannunta ya taɓa kafaɗar Zulai, ya hau zuwa wuyanta, ya tsaya. Maƙogwaron yarinyar ne ke rawa ƙarƙashin tafinta. Daga nan kukan ke fitowa.

A lokacin ne dutsen farko ya faɗo bisa kwanon rufin ɗaki.

Malam Dallatu, maigidan, malamin dabbobi ne. Shi ke bin rugagen Fulani daga Bwari har Garki da Gudu yana yi wa shanu allurar rigakafi. Da idon Lantana ya tafi, sai ya lura abin da ya fi cin ranta shi ne zaman jira. Tun la'asar take kasa kunne. Kowane babur ya wuce sai ta yunƙura, in ba shi ba ne ta koma ta zauna, kunya ta rufe ta. Wannan ya tsaya masa a rai.

Ranar wata kasuwa ya hau ya nufi garin Abuja na wancan zamani, wanda yanzu ake kira Suleja, wurin Andrew, wani bakanike Bagwari da suka saba. Ya ce so yake babur ɗinsa ya yi muryar da ba ta kama da ta kowa. Andrew ya kwance salansa, wato maƙogwaron hayaƙin babur, ya zaro wani siririn bututu mai huje-huje daga cikinta, ya nuna masa.

"Oga, wannan ne yana shanye ƙara. In na cire ta, kana Bwari ma za a san ka taso. Mutane za su zage ka fa."

"Su zaga. Mutum ɗaya nake so ta ji."

Aka cire. Daga ranar, in Dallatu ya iso wata 'yar hanya da ta ratsa tsagin wasu manyan duwatsu biyu, kimanin mil guda da gida, sai ya murɗa totur sau uku. Duwatsun su karɓi ƙarar su ninka ta, su jefa har tsakar gidansa. Lantana ta daina yunƙurin banza. Har dariyarta ta dawo. Wata huɗu suka yi a haka.

A yammacin da aka fara jifa, Dallatu ya iso ya tarar da maƙwabta cirko-cirko a ƙofar gida, babu mai iya shiga. Matarsa na durƙushe ta rungume Zulai, duwatsu na sauka a kan kwano ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai jifan ba ya sauri. Da aka kira sallar isha'i komai ya tsaya cak. Zulai ta buɗe ido ta ce tuwonta zai kama.

Haka ya ci gaba. Da rana lafiya lau, sai dai rama da yawan shiru. Amma da zarar inuwa ta miƙe, lokacin da Dallatu ya saba dawowa, sai yarinyar ta sandare, idanunta su kafe, kukan injin ya taso daga ƙirjinta, sau uku, kamar ana murɗa totur. Sannan jifa. Duwatsun ba sa samun kowa, amma in ka ɗauka sai ka ji su da ɗumi. A rana ta biyar sai wani abu ya ƙaru. Bayan kukan babur ya lafa, Zulai ta naɗe hannuwanta a ƙirji tana jijjiga su, tana wani gunji can ƙasa-ƙasa, irin na mai lallashin jinjiri. Maƙwabciyarsu Naomi, wadda ita kaɗai ta yi ƙarfin halin shigowa, ta ce ta ji muryar jariri na amsawa daga bayan rumbu. Ta fita, ba ta sake dawowa da yamma ba.

An yi hayaƙi, an sha rubutu, limamin ƙauye ya yi tofi. Zulai ta daina cin abinci. A rana ta goma sha ɗaya Dallatu ya tafi wata ruga kusa da Gudu, wurin Modibbo Ibrahima, wani dattijo masanin Alƙur'ani da ya taɓa yi wa shanunsa magani. Da zai goyo shi a babur, ya taka ya tayar, sai tsohon ya toshe kunne, ya dubi salansar, ya daɗe yana dubanta.

"Kashe shi. Da ƙafa za ni."

Sai washegari da la'asar ya iso, da sandarsa da butarsa. Ya sa aka shimfiɗa buzu a tsakar gida, aka zaunar da Zulai a gabansa, uwarta a bayanta. Ya yi ta jan carbi har rana ta fara faɗuwa. Gidan ya yi tsit. Ko tsuntsu babu.

Da kukan ya taso daga bakin yarinyar, Modibbo ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Duwatsu suka yi ta sauka, yau kam da gaggawa, har kwano ya lotsa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Can sai jifan ya yanke. Zulai ta ɗago kai a hankali, ta yi magana da muryar babbar mace, muryar da kuka ya dusar.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Baiwar Allah, wace ce ke, me kuma ya kawo ki gidan mutane?"

"Shi ya fara zuwa nawa gidan." Yatsan Zulai ya nuna Dallatu. "Tsagin dutsen da yake ratsawa, nan ne ɗakina, tun kafin kakanninsu su sare daji. Shanu sun wuce, mahaya sun wuce, ban taɓa tanka wa kowa ba. Shekara saba'in ina roƙon haihuwa. Aka ba ni ɗa namiji. Kwanansa tara a duniya wannan mutumin ya shigo da ƙarfensa, ya yi tsawa sau uku a kan ɗana yana barci."

Yatsan ya sauka a hankali, muryar ta ci gaba.

"Ya firgita. Na lallashe shi. Washegari ya sake. Na toshe masa kunne da gansakuka, na rufe shi da jikina. Kullum sai ya dawo, kullum sau uku. Ɗana ya daina shan nono. Ruwa ya riƙa fita daga kunnensa. Ni mai jego, ba ni da inda zan kai shi. Ya yi ta ƙanƙancewa a hannuna har ya tafi. A nan na binne shi, ƙarƙashin hanyar. Ranar da na binne shi ma, wannan ya bi ta kan kabarin, ya yi tsawarsa sau uku."

Dallatu ya zame ya zauna a ƙasa.

"Bai sani ba," in ji Modibbo. "Ba ya ganinku. Kin san Ubangijin da ya halicce mu ya halicce ku ya haramta zalunci. Yarinyar nan ba ta hau babur ba."

"Nawa ɗan ya hau? Ɗa da ɗa. Ita zan tafi da ita."

"Ba za ki tafi da ita ba."

"To a ba ni kunnuwansa. Ya kurmance, ya ɗanɗana."

"Na yarda!" Dallatu ya yi wuf. "Wallahi na yarda, ta ɗauka!"

"Yi shiru, Malam," Modibbo ya ce, bai ko waiwaya ba. "Ba a cinikin halittar Allah a gabana." Ya buɗe baki zai koma karatu, jikin Zulai ya fara karkarwa, sai Lantana ta miƙa hannu ta laluba har ta kama tafin 'yarta.

"Allah gafarta Malam, a bar ni in ce wani abu." Ta juya fuskarta wajen muryar. "Baiwar Allah, saboda ni aka yi ƙarar nan. Makauniya ce ni. Don in san ya dawo ne. Duk yammacin da kike toshe kunnen ɗanki, ni ina nan ina murna." Hawaye suka gangaro daga idanun da ba sa gani. "Uku na binne kafin wannan ta tsaya mini. Na san yadda nono ke cika babu mai sha. Yaya sunansa?"

Aka jiyo ladan can cikin ƙauye. Sannan bakin Zulai ya murguɗe, wani kuka ya ɓalle, kukan da duk wanda ya ji shi a ranar bai manta ba.

"Ba ma faɗa wa bil'adama sunayenmu," in ji muryar. "Amma ke kaɗai kika tambaya. Nawa mutanen sun watse saboda ƙarar. Ko mutum ɗaya bai zo mini gaisuwa ba."

Lantana ta jawo ta jikinta. Ita kanta ba ta san ko 'yarta ta rungume ko baƙuwar ba. Suka yi ta kuka tare, Modibbo ya sunkuyar da kai ya ƙyale su.

Da suka lafa, aka yi sharaɗi. A rufe bakin ƙarfen nan. In Dallatu ya iso tsagin, ya kashe, ya sauka ya tura, ya kauce wa gefen hagu inda kabarin yake. Kuma su zo mata ta'aziyya, yadda ake yi wa kowa. Modibbo ya sa ta rantse da Allah ba za ta sake shigowa gidan ko taɓa kowa a cikinsa ba. Ta rantse.

"Ki ba ta kunu mai ɗumi," ta ce da Lantana. "Na wahalar miki da ita."

Zulai ta yi atishawa sau ɗaya, ta sulale a cinyar uwarta, barci ya ɗauke ta.

Da safe Dallatu ya tura babur da hannu har bakin titi, ya sa shi a motar itace zuwa wurin Andrew. Bakaniken ya tono bututun nan daga cikin tarkacensa, ya naɗe shi da soson ƙarfe, ya mayar, ya liƙe duk wata kafa. Da aka tayar, sai wani ɗan gurnani kamar na kyanwa. Andrew ya buɗe baki zai yi zolaya, ya ga fuskar mutumin, ya fasa.

Ranar Juma'a suka je tsagin, su uku, Zulai na jan hannun uwarta. Suka cire takalma suka durƙusa a gefen hanya. Dallatu ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana." Babu abin da ya amsa. Bayan nan jifa bai sake sauka a gidan ba, Zulai ta warware, har ta yi aure a Bwari. Shi kuwa Dallatu bai sake zama mai fara'ar da aka sani ba. Lantana kuma duk Juma'a sai ta sa an kai ta tsagin, ta zauna ɗan lokaci tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai hira da ƙawa.

Shekara biyar bayan haka, aka ce za a gina sabon babban birni a ƙasar. Wasu ma'aikatan kamfani suka zo da tutoci da ma'auni, suka shafa jan fenti a jikin duwatsun nan biyu. Za a fasa su da nakiya, a sami tsakuwar titi. Dallatu ya sa babbar rigarsa ya je wurin shugaban aikin, ya ce akwai kabarin jinjiri a wurin. Mutumin ya tambayi na wane gida ne, don a biya diyya. Da Dallatu ya faɗa masa gaskiya, sai ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce Baba ya je ya huta.

Ranar da za a fasa, aka yi shela kowa ya nisanci wurin. Lantana ta fito ƙofar gida ta tsaya, ta fuskanci yamma. Ƙarar ta zo, ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga rufin zaure. Ba ta toshe kunne ba. Ta tsaya har ta bakwai, ta ƙarshe.

Da magariba ta gabato, ta share ɗakin da Zulai ta bari, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ajiye ƙwaryar ruwa, ta bar ƙofar a buɗe.

"Lantana, wa kike jira?" Dallatu ya tambaya, ko da yake ya sani.

"Uwar jinjirin nan ba ta da inda za ta, Malam. Kuma ta rantse ba za ta shigo ba. Ina so ta san an yafe mata rantsuwar."

Ya zauna kusa da ita a bakin ƙofar. Suka kasa kunne har duhu ya rufe tsakar gida, har aka kira isha'i. Ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba.