Numfashin Jana

"Akwai mai asma a danginku?"

Da likita ya yi tambayar, Rabab ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. 'Yarta Jana, mai shekara uku, tana kwance a asibitin Mansura, numfashinta na fita da ƙyar. Kwana biyu ke nan manoma na ƙona karan shinkafa, hayaƙi ya turnuƙe gari.

"Babu!" in ji surukarta, Hajiya Ni'imat.

"A tambayi uwar yarinya mana," in ji Dalya, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda aka so Tamir, mijin Rabab, ya aura. "A kantin maganinmu ƙanwarta ke saya mata abin shaƙa na asma."

Rabab ta fice da gudu. Mijinta Tamir ya cim mata a baranda.

"Ni na gadar mata, Tamir... Mahaifiyata ta ce in Hajiya ta ji, aure ya fasu. Shekara biyar ina ɓoye maka, ga 'yata na shan wuyar ƙaryata!"

"Abin shaƙar da ke cikin gwangwanin shayi?"

Ta ɗago a firgice.

"Tun satin amarci na gan shi, hasken idona. Me kike zaton ya raba ni da shisha?"

"Ka sani... ka yi shiru?"

"Don kar ki ji kunya. Da mun gaya wa likita tun tarinta na farko, da ba mu zo nan ba. Laifin namu ne, mu biyu."

Sai ga Hajiya, idanunta jawur. Ta kori Dalya gida.

"Ɗana na fari, Hisham, ba zazzaɓi ya kashe shi ba, asma ce," ta ce. "A hannuna numfashinsa ya ɗauke. Na ɓoye don kar a ƙi auren 'ya'yana. Ki yafe mini, 'yata."

Rabab ta rungume ta, suka yi kuka mai isarsu.

Likita ya ce gadon ciwon na ƙara haɗarin, hayaƙi ya tayar da shi, amma da magani yarinya za ta yi tsallenta.

Ran da aka sallame su, Jana ta ƙi abin shaƙa, tana ta ihu. Rabab ta ciro nata daga jaka, a gaban kowa.

"Kalle ni, 'yar lele. Ja a hankali, kamar Mama."

Jana ta haɗiye kukan, ta miƙo hannu.