Abin da Inna Hure Ta Gani

A shekara ta biyu ta fari aka kai ƙara ofishin 'yan sanda na Ɗanbatta: ranar Talata an fasa rumbun Malam Sammani a wani ƙauye, an kwashe irin geron da ya ɓoye don shuka.

Da Sufeto Badaru ya isa ƙauyen, ya tarar an ɗaure Hadi, wani baƙo da yunwa ta koro daga arewa. Bakinsa na zubar da jini.

Shaidu biyu ne. Sufeto ya raba su.

"Inna Hure, me kika gani?"

"Ranar Talata da safe ina jan ruwa a rijiyar bayan masallaci, ya wuce da buhu a ka. In rantse?"

Babu alamar ƙarya a fuskar tsohuwar. Sufeto ya je rijiyar ya jefa dutse, ya ji ya faɗa kan busasshiyar ƙasa. Mai unguwa ya ce ta ƙafe tun kafin azumi.

Dogo mahauci ma ya ce ya ga buhun.

"Da aka gano satar, nan take ka faɗa?"

Dogo ya sosa ƙeya. "A'a. Sai da Kamilu ya ce, 'Ba ka ga baƙon nan da buhu ba?' Sannan na tuna."

Hure ma, Kamilu ne ya fara yi mata tambayar. Sufeto ya gane: sun ga Hadi da buhu kam, amma ranar da ya sauka garin da kayansa. Tambayar ce ta matso musu da ranar.

Aka kira Kamilu, ɗan ƙanin Malam Sammani.

"Yallaɓai, ranar ina garin Kunci."

"Maƙwabta sun ce wata guda ba a ji daka a gidanka ba. Sabon ƙaiƙayin da ke bayan danga fa?"

Kamilu ya durƙusa. "'Yata ta daina ko kuka saboda yunwa. Ni na ɗauka. Na ga baƙon ba shi da kowa a nan."

Kofur da ya rako Sufeto ya tasa shi gaba. Malam Sammani ya juya baya.

Hure ta kawo wa Hadi ruwa. Ta dubi Sufeto.

"Yallaɓai, na ji Kamilu da kunnena. Amma wallahi in na rufe ido, har yanzu ranar Talata nake ganinsa."