Bayan Jiragen Baƙi Sun Tashi

Yudelka ta fara ganin Wilkin ne ranar da ya diro daga jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da igiya a hannu, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ruwa har wuya. Tana bayan kaskon tuyar kifinta a bakin tekun ƙauyenmu Mano Juan, dariya ta ƙwace mata. Shi kuwa ko kunya, ya taso yana ɗiga ya nufo ta.

"'Yar baƙa, tunda kin sha kallo kyauta, a taimaka min da kan kifi mana."

"Kan kifi na kyanwa ne," ta ce. "Ita ba ta faɗuwa a gaban mutane."

Duk da haka ta ba shi, har da soyayyar ayaba a gefe.

Mu nan tsibirin Saona ranarmu gajera ce. Jirage su iso daga garin Bayahibe da ke tsallake da hantsi, baƙi su ci, su sha, su yi ta hoton gidajenmu kamar babu kowa a ciki. Kafin la'asar an kwashe su tas, garin ya yi tsit. Ƙawayen Yudelka duk sun tafi aikin otal, ya rage daga ita sai mahaifinta, Don Cirilo masunci, wanda magana ke yi wa tsada. Kaɗaici ya daɗe yana cinta, sai da Wilkin ya shigo rayuwarta ta san zurfinsa.

Zancensu duk a tsaitsaye ne, tsakanin juya kifi da kiran kyaftin. Da yamma sai ta taka ƙarshen gadar katakon da jirage ke tsayawa, inda waya ke ɗan kamawa, ta jira saƙonsa.

"'Yar baƙata, na iso lafiya. Rigata har yanzu ƙamshin hayaƙinki take yi, na hana a wanke."

"Ƙazami. Ka wanke. Gobe ka zo da wuri."

Da zance ya kai kunnen Don Cirilo, ya ce sam. Ya ce ya san samarin jirgi, kowannensu jira yake wata baturiya ta ɗauke shi zuwa ƙasarsu. Ba da ka yake magana ba: haka mijin babbar 'yarsa ya yi, ya bar ta da goyo.

Ana cikin haka wata baƙuwa ta manta kwalbar giyar rum a teburin Yudelka, irin wadda masu hoton jirgi ke manna wa hoton baƙo don tsaraba. A jikin kwalbar ga Wilkin, kumatu a kumatu da matar, hannunsa a ƙugunta. Yudelka ba ta yi kuka ba. Ta daina zuwa gada, in ya tsaya a teburinta ta miƙa masa kifi kamar kowane baƙo.

Saƙonnin Wilkin suka taru, sai daga baya ta gan su.

"Aiki ne, wallahi. A hanyar zuwa dole kowane ma'aikaci ya yi rawa da baƙi a ɗauki hoto. Wanda ya ƙi, gobe ba shi a jirgi. Ko sunanta ban sani ba."

Ai ta san da rawar, waye bai sani ba? Amma sani daban, gani a hannunka daban.

Wilkin ya tattara ƙarfin halinsa ya sami tsohon a gindin kwakwa yana gyaran komar kamun kifi. Ya gaishe shi, ya rantse, ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Don Cirilo bai ɗago ba.

"Yaro, kai da rana ka san 'yata, lokacin da take yi wa kowa murmushi. Ka taɓa ganinta bayan kun tafi?"

Gaskiya ce, Wilkin bai taɓa gani ba.

Da lokacin tashi ya yi, ya kwance igiyar jirgi kamar kullum, ya jefa ta ciki, ya tsaya a kan yashi. Kyaftin ya yi kira, ya yi zagi, ya gaya masa kada ya ƙara ganin ƙafarsa a jirgin. Baƙi suka ɗauka wasa ne, har da masu tafi. Jirgi ya tafi da kiɗansa.

A nan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Yudelka ita kaɗai a duk faɗin gaɓar, tana tsince kofunan roba, fuskar nan babu ko ɗigon fara'a. Tausayi ya kama shi har ya ji kunyar kansa. Ya sunkuya ya fara tsinta ta ɗaya ɓangaren, sai da suka haɗu a tsakiya ta ɗago.

"Jirginka ya tafi."

"Na gani."

"To a ina za ka kwana, mahaukaci?"

"Ban yi tunanin wannan ba, 'yar baƙa."

Sai a lokacin kukan ya zo mata, tana yi tana dukan ƙirjinsa da buhun kofuna.

A rumfar maƙwabci ya zauna har damina ta wuce, yana dako, yana fasa kwakwa, sauro na shan rabonsa. Don Cirilo yana kallo. Wata safiya dai ya aika a tambayo Fada, limamin coci, ranar da zai iya hayowa.

Da yamma aka ɗaura auren a 'yar cocinmu, mu ya mu, babu baƙo ko ɗaya. Don Cirilo ya ɗora hannuwansa masu kanta a kan kawunansu, ya roƙi Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Ɗana, kwale-kwalen nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gobe da asuba, kada ka makara."

Yudelka ta ƙanƙame hannun mijinta. Allah ya bar su tare.