Muryar Inna a Wayar Nasiratu

"Tsaya! Maido baya... muryar wa ke nan?"

Nasiratu ta ɗago kai. Suna zaune ƙofar gidansu a Tawa bayan la'asar, tana kunna wa Abdurazak, wanda zai aure ta bayan Sallah, abin da ta ɗauko a ƙauye. Digirin doktora take yi a jami'a, irin karatun nan da ya haɗa tarihi da harshe da waƙa, tana bin waƙoƙin daka na matan Adar. Yarinya ce mai shegen son sani, in ta fara tambaya sai ka gaji don kanka.

"Wata Gwaggo Raƙiya ce, can bayan Affala. Ka ji murya ko? Wuni na yi gabanta, har tuwo muka ci kwano guda."

"Kwano guda?" Ya dafe kai. "Nasiratu, Innata ce!"

Ta zaro ido.

"Na shiga uku... To ina zan sani? Kai kullum Inna kake cewa, ita kuwa ba ta kama sunanka ba!"

"Ta kama yaya? Ni ne ɗan fari."

Ai kuwa ta tafka ta. Yarinyar da ko a hanya ta hango uwar miji ya kamata ta ja gyale ta kauce, ita ce ta miƙe ƙafa tana zuba loma, tana kallon tsohuwa ido cikin ido.

"Mi kika tambaye ta?"

"Komai... har yadda suka haɗu da babanka."

"Shi ke nan! Kawuna Attahir dama bai son auren nan, dalili yake nema. In Inna ta ce ba ki da kunya, wallahi auren nan ya tashi."

Hawaye suka zubo mata, don tana son sa kamar ranta. Amma hali bai barin mai shi. Tana share ido ta ce, "Masoyina, akwai wata waƙar da ban gane ba. Wane yaro ne mota ta ɗauka?"

Ta kunna. Taɓarya na sauka, muryar na bi. Waƙar wani yaro ce da aka kai lakkwal, makarantar boko, a birni, uwarsa ta kasa yi masa rakiya don kunya, ta laɓe bayan rumbu tana kallon motar har ta ɓace, ranar ko ruwa ba ta sha ba.

Abdurazak ya juya fuska.

"Ni ne," ya ce da ƙyar. "Na yi ta waige ban gan ta ba. Tun ranar nake zaton ba ta damu da ni ba."

Ran Juma'a ya hau mota ya tafi ƙauye ba da haƙuri. Nasiratu ta kasa ci, ta kasa karatu, ko babur ya wuce sai ta leƙa. Da ya dawo ko gaisuwa ba ta bari ya gama ba.

"Mi ta ce? Ta yi fushi?"

"Kin san ba ta magana da ni kai tsaye. Ƙanwata ta gaya wa, ina tsaye. Ta ce ki koma ki kwashe sauran waƙoƙin kafin Sallah, don daga ranar da aka ɗaura kin zama suruka, ba ki ƙara jin bakinta."

Nasiratu ta saki ajiyar zuciya, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Kuma ta ce tun kina sallama ta gane ki. An taɓa nuna mata hotonki."

"Ta gane ni? To don mi ta bari na zauna? Don mi ta yi mini wannan waƙar?"

Ya dubi wayar da ke hannunta, idonsa jawur.

"Ta san wanda za ki kunna wa."