Saƙon Muryar da Dokta Munzali Bai Saurara Ba

Ku matso kusa. Kai Sagir, kashe wayar nan, labarin ma a kanta yake.

Akwai wani likita, Dokta Munzali, a wani ƙaramin asibiti da ke bakin gari. Ya raba wa majinyata lambarsa, wai duk mai matsala ya turo saƙo. Mutanenmu kuwa kun san su, ba rubutu, sai saƙon murya. Shi kuma gogan naku ganda gare shi. Ba ya saurare. Amsa ɗaya ya ajiye yana tura wa kowa: "A ci gaba da shan magani." Ni dai wannan hali haushi yake ba ni.

Wata lamba marar hoto ta yi ta turo murya. Ya yi ta manna mata amsar nan. Daga baya ta yi shiru.

Ran nan da almuru ya bi ta hanyar bayan asibiti, inda ma'aikata suke watsar da tafasasshen ruwan wanke kayan aiki, ba ko bisimilla. Sai ga mace zaune a bakin kwata, rungume da wani abu cikin zane.

"Likita, sannu da aiki."

Bakinta bai motsa ba. Muryar daga aljihunsa ta fito.



"Ka ji saƙona?"

"Na... na amsa."

"Amsawa ka yi. Kunna."

Ya ciro wayar, ya kunna saƙonnin. Na farko: "Likita, ruwanku ya ƙona min yaro. Ban riƙe ku ba, ba ku ganin irinmu. Magani kawai nake roƙo." Na biyu kukan jariri ne, siriri. Na ƙarshe gajere: "Ya daina kuka."

Ta gyara zanen da ke hannunta. Babu abin da ya motsa a ciki.

"Ƙuna tsautsayi ce, na yafe. Wulaƙancin ne ban yafe ba. Matarka Bara'atu ta kusa haihuwa, ko?"

"Don Allah, baiwar Allah, kada ki taɓa ta."

"Ba zan taɓa ta ba. Kunnenka dai ba ya son muryar mai ciwo. To, na sauwaƙe masa."

Ya ɗaga kai, ba kowa. Ya zuba a guje.

Da farko ya ɗauka ya tsira, don yana jin kiran salla, yana jin rediyo, har kukan sauro. Sai da gari ya waye wani majinyaci ya zauna gabansa, baki na motsi, hawaye na zuba, shi ko uffan bai ji ba. Tsoro ya kama shi, ya daina zuwa aiki, ya tare a gida yana gadin Bara'atu. Inda ta sa ƙafa, nan idonsa yake.

Amma ido yana gajiya. Wata la'asar ta shiga ɗaka ta ɗan kishingiɗa, shi kuma ya zauna a falo da kofin shayi. Naƙuda ta taso mata gadan-gadan, da jini. Ta kira sunansa har muryarta ta dishe. Labule kawai ke tsakaninsu.

Maƙwabta ne suka jiyo ta ta kan katanga, suka ɓalle ƙofa. Suka tarar da shi yana juya shayi, yana jin ƙarar cokali sarai. Bara'atu ta tashi da ƙyar. Ɗan bai zo da rai ba.

Saboda haka kada wanda ya kuskura ya bi bayan asibitin nan shi kaɗai in rana ta faɗi. Masu wucewa sun ce har yanzu tana bakin kwatar, ba ta ajiye zanen ba.