Madubin Motar Baffa Ilu

A bayan gidanmu da ke Kurna akwai wata tsohuwar mota ƙirar Amurka, ta shekarar 1968, baƙa, mai dogon gaba da inji silinda takwas. Ta ɗan baffanmu Ilu ce, Yaya Tasi'u bakanike. Duk abin da ke jikinta na asali ne, in ban da madubin ciki. Shi wannan na Adaidaita Sahu ne, an ɗaure shi da waya.

Wani dare bayan Isha'i aka ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida. Ƙanwata Ramlatu ta ce, "Yaya, wai rowa ce ko mantuwa? Mota kamar amarya, amma da madubin 'yan sahu."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kowa ya yi bisimilla. Sannan ku matso."

Ga abin da ya faɗa mana.

Kun san Baba direban wani attajirin gyaɗa ne. Da maigidan ya rasu, aka bar masa motar nan. Bai daɗe da ita ba ya kai ta Garko, ya kulle a rumfa. Shekara talatin da ɗoriya ba ta motsa ba, kuma bai taɓa faɗin dalili ba. Da idanunsa suka mutu, sai na ƙudurta a raina zan tayar da ita a ɓoye, in kai shi masallacin Juma'a a ciki tun yana da rai. Ba zai gan ta ba, amma zai ji muryarta.

Na sa aka janyo ta zuwa garejina. Na yi rantsuwa ba zan sa mata jabu ba, ko na wannan zamani. Kowane kaya sai na shekararta, sai lambarsa ta dace. Wata goma sha huɗu ina yawo, daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka ta Kaduna. Na samu komai, sai abu uku da aka kwance mata tun tana rumfa: kafireta, hon da madubin ciki. Na ɗauka ɓarayi ne.

Wata Laraba na makara a Ƙofar Ruwa. An rufe shaguna. Almuru ta yi. Sai na yanke ta layin ƙarshe, inda ake jibge matattun motoci. Ba kowa. Ko kare.

"Bakanike."

Na juya baya, domin daga baya muryar ta fito. Babu mutum. Da na maido fuskata, sai ga shi a gabana, zaune a kan wani mataccen inji. Dattijo ne siriri, cikin farar riga. A gabansa akwai buhu a shimfiɗe, da abu ɗaya tak a kai.

Kafireta ce. Irin tawa.

Kun san halina da zargi. Na ɗaga ta, na auna nauyinta a hannu, na haska lambarta da waya. Daidai. Na shinshina. Ba warin fetur. Warin laka take yi, irin ta ƙasan kogi.

Na ce, "Baba, daga ina?"

Ya ce, "Daga inda take."

"Nawa?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Kai dai ka haɗa ta daidai."

Bakinsa yana motsi a gabana, amma maganar a bayan kunnena na hagu nake jin ta.

Ramlatu ta katse shi. "Kuma ka karɓa? Ni da tuni na kai Kurna ba takalmi."

Yaya Tasi'u ya ce, "Ke ba ki yi wata goma sha huɗu kina nema ba."

Ya ci gaba.

A gareji na wanke ta. Yashi ya yi ta fita. A gefenta na ga zane uku na magagari, a jere. Wannan al'adar direbobin da ce. Sukan yi wa kayan motarsu alama, don kada bakanike ya musanya musu da tsoho. Alamar Baba zane uku ce, tana jikin lagireto, tana jikin janareto. To a nan na yi kuskure. Sai na ce a raina, ashe kayanmu ne da aka sace, Allah ya dawo da su. Murna ta cinye zargin.

Laraba ta zagayo, na koma. Yana nan. A kan buhun akwai hon, da zanensa uku. A ranar na lura da bakin rigarsa a jiƙe yake, ga shi rabonmu da ruwan sama wata biyar. Ƙasar layin nan baƙin mai ne, ko kaza ta bi sai ta bar sawu. Na dubi inda ƙafafunsa suke. Ba sawu. Dugadugansa ma ba su taɓa ƙasa ba.

Na ce zan daina zuwa. Washegari na tambayi masu shagunan layin. Wani mai sayar da fitilu ya ce, "Wane dattijo? Oga Tasi'u, ko ka fara shaƙar fetur ne?" Aka yi mini dariya.

Amma madubi ya rage. Abu ɗaya. Wanda bai taɓa haɗa tsohuwar mota ba, ba zai san yadda abu ɗaya yake hana barci ba.

Laraba ta uku ya miƙo mini shi a naɗe cikin tsumma, tare da notinsa biyu. Yatsunsa sanyi ƙalau.

Ya ce, "Biyu ne. Ka ɗaure duka."

Na ce, "Baba, me ya dame ka da motar nan?"

Ya ce, "Ban isa inda za ni ba."

Ban tsaya neman bayani ba.

Ranar Alhamis da la'asar na tuƙo ta zuwa gida. Madubin yana aljihuna, domin ina so in ɗaura shi a ƙofar gida, ya zama aikin ƙarshe. Na tsaya, na bar injin yana ruri, na aika a fito da Baba. Kafin ya fito na ce bari in gama. Na kafa madubin. Na ɗaure noti na farko.

Sai bayan motar ya sauka.

A hankali ya sauka, kamar yadda sifirin yake yi idan mutum ya zauna. Ƙofa ba ta buɗe ba. Warin laka ya cika motar.

Na ɗaga ido. A cikin madubin, a kujerar baya, akwai farar riga. Daga ƙirji zuwa ƙasa kawai nake gani, domin madubin bai gama zama ba, yana lilo.

A bayan kunnena na hagu aka ce, "Saura ɗaya."

Wallahi ban yi niyya ba. Amma na ga hannuna ya ɗauki noti na biyu. Na ga ya kai shi rami. Na ga sukundireba tana juyawa. Ina so in yi salati, harshena ya yi nauyi. Madubin yana daidaituwa. Na fara ganin wuya. Na fara ganin haɓa.

"Tasi'u!"

Baba ne a bakin zaure, da sandarsa. Bai tambayi ko wace mota ba ce. Ya san muryarta.

"Wa ya ba ka kafiretar nan? Ni da hannuna na jefa ta a kogin Wudil!"

Ya taho yana laluben jikin motar har ya iso taga.

"Madubin fa? Tasi'u, ka ɗaura madubin?"

Da ƙyar na ce, "Saura kaɗan."

Makaho ne, amma shekara goma sha biyu ya yi a kujerar nan. Wannan karon bai yi lalube ba. Ya zuro sandar ta taga, ya ce "Bismillahi," ya kai duka sau ɗaya. Madubin ya faɗo a cinyata, a tarwatse.

Bayan motar ya ɗago. Injin ya mutu da kansa.

A daren ya ba ni labari. Wata rana yana dawowa shi kaɗai, ya ɗauki wani dattijo a gadar Wudil da almuru. Da ya iso Kano ya waiwaya, babu kowa. Amma tun daga ranar, duk sanda ya dubi madubi sai ya gan shi a zaune, yana cewa a ci gaba da tafiya. Sau biyu Baba yana farkawa ya tsinci kansa a bakin kogi, gaban motar a cikin ruwa. Wani malami ya ce masa, irin wannan baƙo ba ya gane mota sai tana yadda ya shige ta. A raba ta da kayanta uku, a kulle saura.

Baba ya ce, "Na lalata ta don in tsira. Kai kuma ka zo da gwaninta."

Da safe na je bakin titi, na sayi madubin nan da kuke yi wa dariya, na ɗaure da waya. Na kai Baba masallaci. A hanya ya ɗora tafinsa a kan gaban motar, yana sauraron injin, yana murmushi. Juma'a huɗu muka yi haka kafin Allah ya karɓi abinsa.

Nan Yaya Tasi'u ya kai ƙarshen labarinsa. Ramlatu ta matso jikina, ta ce a hankali, "To ka sayar da ita mana, Yaya."

Ya ce, "In sayar wa wa? Mutum shida sun taya. Duk mai son irin wannan mota, abin da zai fara nema shi ne madubinta na asali. Kuma zai samu."

Na ce, "Ai Baffa ya fasa shi."

"Ya fasa. Ni na binne ɓaraguzan. Bara na bi ta bakin layin da rana tsaka, tare da mutum biyu. Na hango buhu a shimfiɗe. Madubin yana kai. Ko tsaga babu."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya ɗauko wani abu, ya ajiye a kan tabarma. Na haska da waya. Noti ne ƙarami.

"Na jefa shi a rijiya. Na jefa shi a tukunyar maƙera. Kullum da asuba yana aljihuna."

Na kai yatsa na taɓa. A jiƙe yake.

Ya mayar da shi aljihu, ya ce, "Kada ɗayanku ya bi layin ƙarshe na Ƙofar Ruwa shi kaɗai idan rana ta faɗi. In kuma wata rana ba na nan, wani ya zo da kyautar madubi, ku dubi ƙafafunsa kafin ku dubi hannunsa."